Amana da Fasahar Zamani: Illar Yawan Rufe Hidimomin Sadarwa, da Misalai daga Ƙasar Boɗinga da Shagari



Batun da aka zaɓa domin wannan lacca ya shafi wayar salula da intanet, da kamfanonin da ke tafiyar da su, amma gindinsa tsohuwar magana ce wadda kowane ɗan kasuwa ya sani tun kafin a ƙera waya, watau maganar amana. Tambayar ita ce: me yake faruwa ga zukatan jama'a idan kamfani ya kawo masu wata hidima, ya yi ta talla har suka saba da ita, suka ɗora sana'arsu da ajiyarsu a kanta, sa'an nan rana tsaka ya ce ya rufe? In kuwa abin ya auku sau ɗaya, sau biyu, har ya zama ɗabi'a, ina makomar hidimar da za a kawo gobe, ko da ta fi ta jiya alheri? Za a duba wannan al'amari ta fuskar mutumin Boɗinga da na Shagari, garuruwa biyu da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, domin abin da ya sami manomi da ɗan tireda a can ya fi bayyana gaskiyar lamarin bisa ga abin da ake rubutawa a manyan birane.

Yadda amana take tsayuwa

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya yi nazarin cinikin shanu da goro da Hausawa ke yi, ya kuma buga littafinsa a shekarar 1969. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda dukiya mai yawa take wucewa daga hannu zuwa hannu a kan bashi, ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, maigida ya sa dillalansa su sayar wa mahauta bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa.

Me ya sa bafatake ya yarda da maigida? Dalilin a fili yake. Maigida yana da gida, yana da iyali, yana da suna, kuma bara an same shi a wurin, bana an same shi, ana kyautata zaton baɗi ma za a same shi. Wanda ba ya da niyyar tashi ba ya cin amana a banza, domin ya san gobe za a sake haɗuwa. Haka abin yake a kasuwar Boɗinga ko ta Shagari har yau: mai hatsi yana barin buhunan gero da wake a rumfar dillali ya koma ƙauye, hankalinsa a kwance, saboda ya san uban dillalin, ya san ƙofar gidansa. Ashe ke nan daɗewa a wuri ɗaya ita ce jarin amana.

To, kamfanin fasaha ba shi da rumfa a kasuwa, ba a san ƙofar gidansa ba, ba kuma wanda ya san ubansa. Mutumin karkara ba zai iya karanta takardun kuɗin kamfani ba, balle doguwar yarjejeniyar nan ta Turanci wadda ake danna mata alamar amincewa ba tare da an duba ba. Ma'auni ɗaya kaɗai ya rage masa, shi ne ko abin da aka ba shi jiya yana nan yau. Duk sa'ad da aka rufe wata hidima, wannan ma'auni guda ake karyawa.

Daga NITEL zuwa wayar hannu

Tsofaffin ma'aikata za su tuna da takardun ofis masu ɗauke da lambar waya wadda take farawa da 060, watau lambar Sakkwato. An kafa NITEL a shekarar 1985, kuma har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce layukan waya masu aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, NITEL ma ta sami nata kason ta hannun reshenta M-Tel. Amma kamfanin bai iya gasar ba. An sayar da shi ga Transcorp a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009, daga baya aka rushe shi aka sayar da kadarorinsa a 2015. Lambobin da ke kan allunan shaguna da katunan ma'aikata suka mutu ba tare da an sanar da kowa ranar jana'izarsu ba.

Kamfanonin da suka gaje shi su ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Wanda ya sayi layin Econet a 2001, ya wayi gari a 2004 an ce masa sunansa Vmobile, a 2006 Celtel, a 2008 Zain, a 2010 Airtel. Suna biyar cikin shekara goma. Adalci ya sa a faɗi cewa a wannan karo lambar mutum ba ta canza ba, kuma layinsa bai yanke ba, don haka jama'a suka ɗauki abin da raha. Waɗanda suka ji jiki su ne masu wayoyin Starcomms da Multi-Links da makamantansu, domin yawancin wayoyin an ɗaure su da kamfani ɗaya, da kamfanin ya durƙushe sai wayar ta zama abin wasan yara. MTN ta saye Visafone a farkon 2016. Etisalat kuwa ta janye daga Nijeriya a 2017 sakamakon rikicin bashi da bankuna, aka mayar da sunan 9mobile, masu layinsa suka yi ta raguwa shekara bayan shekara.

A nan ne aka samo asalin wata al'ada wadda baƙo yake mamakinta, watau riƙe layi biyu ko uku a waya guda. Ɗan kasuwar Shagari bai karanta ilimin tattalin arziki ba, amma ya gane cewa ba a sa ƙwai duka a kwando ɗaya idan mai ɗaukar kwandon ya saba tuntuɓe. Wannan dabara tana da tsada, domin kowane layi yana cin kati, kuma talaka ne ke biyan kuɗin rashin tabbas ɗin da ba shi ya jawo ba.

Manomi da wayarsa

Misalan da suka fi kusa da ƙasar Boɗinga da Shagari su ne waɗanda suka shafi noma, domin gero da dawa da wake da albasa su ne rayuwar yankin.

A ƙarshen shekarar 2010 kamfanin Nokia, wanda a lokacin wayoyinsa ne suka cika aljihun mutanen karkara, ya kawo wata hidima Nijeriya mai suna Life Tools. Manomi yana biyan kuɗi kaɗan, sai a riƙa aiko masa da saƙo a waya game da farashin amfanin gona da yanayin sama da shawarwarin noma, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka yi amfani da su. Tunani ne mai kyau ƙwarai, domin babbar asarar manomi ita ce ya sayar da kayansa bai san abin da ake saye a babbar kasuwa ba. A watan Satumba na 2013 aka ba da sanarwar cewa Microsoft za ta sayi sashen wayoyin Nokia, kuma kafin shekarar ta ƙare aka rufe hidimar. Shekara uku ke nan ta yi. An yanke hukuncin a can Turai da Amurka, bisa lissafin da ba shi da alaƙa da damina ko kaka.

Misali na biyu ya fi girma, kuma gwamnati ce ta jagorance shi tare da kamfani. A shekarar 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, aka ƙaddamar da shirin tallafin taki ta wayar salula, wanda aka fi sani da GES, kamfanin Cellulant ne kuma ya gina na'urar da ke tafiyar da shi. Aka bi ƙauyuka aka yi wa manoma rajista da sunayensu da lambobin wayarsu, har gwamnati ta ce adadinsu ya haura miliyan 10. Idan damina ta ƙarato sai saƙo ya shigo wayar manomi, ya je cibiyar da aka ambata ya karɓi buhu biyu na taki a kan rabin kuɗi, Gwamnatin Tarayya da ta jiha su cika sauran. Shirin yana da nasa matsaloli: wani wurin babu sabis, wani manomin ba shi da waya, wani lokacin takin yakan iso bayan shuka ta yi nisa. Duk da haka, ga mutane da yawa wannan ne karo na farko da wani abu daga gwamnati ya zo hannunsu da sunansu, ba ta hannun ɗan siyasa ba.

Sai bashin da dillalan taki ke bin gwamnati ya taru, mulki ya canza a 2015, shirin ya yi ta ja da baya har ya tsaya, aka kawo wani tsarin taki na daban wanda aka ƙulla da ƙasar Maroko a ƙarshen 2016. Ba a nan ake hukunta wane tsari ya fi wani ba. Abin lura shi ne darasin da manomi ya ɗauka. Ya ba da sunansa, ya ba da lambarsa, ya ɓata yini a layi, ya sami amfani shekara biyu ko uku, sa'an nan saƙo ya daina zuwa, babu wanda ya zo ya gaya masa dalili. Saboda haka duk malamin gona ko jami'in ƙaramar hukuma da ya sake zuwa da takardar rajista, komai kyawun niyyarsa, zai tarar da mutane suna tambayarsa ina labarin waccan ta baya. Shi ne yake biyan bashin da wasu suka ci.

Akwai kuma wani nau'in rufewa wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne a bar hidima tana aiki amma a janye ta daga tsofaffin wayoyi. WhatsApp ya daina aiki a kan ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40 daga ƙarshen Disamba na 2018, haka kuma a watan Oktoba na 2023 ya bar tsofaffin wayoyin Android. Kamfanin yana da hujja ta fuskar tsaro, domin tsohuwar manhaja tana da ƙofofin da ɓarayi ke shiga. Amma a wurin da sabuwar waya take daidai da kuɗin buhunan hatsi, sanarwar nan ma'anarta ita ce: ka sayi wata, ko a bar ka a baya.

Satumba ta 2021

A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a duk Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Katsina ta biyo baya a wasu ƙananan hukumominta. A ranar 20 ga watan, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bayyana cewa an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da Dange Shuni da Tureta da Tambuwal, waɗanda suke maƙwabtaka da ƙasar Boɗinga da Shagari. Hujjar hukuma ita ce ɓarayin daji suna amfani da waya wajen samun labari daga masu kai masu rahoto da kuma cinikin kuɗin fansa.

Wannan ba aikin kamfani ba ne, umarnin gwamnati ne, kuma dalilinsa tsare rayuka. Amma sakamakonsa ya nuna yadda rayuwa ta riga ta rataya a kan abin da ake iya kashewa da umarni guda. Masu sana'ar POS suka rufe rumfuna, ɗan da ke aiki a Legas ya kasa aika wa mahaifiyarsa kuɗi, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa domin kawai su sami inda za su buga waya. Mafi muni, mutanen ƙauye suka rasa hanyar neman agaji idan an kawo masu hari. Bayan kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a tsakiyar Oktoba, inda fiye da mutum 40 suka rasu, gwamnatin jihar da kanta ta nemi a sake duba matakin. A cikin shekarar nan dai Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairu na 2022.

Mai ilimi yana iya bambanta laifin kamfani da na hukuma. Mai sayar da albasa ba ruwansa da wannan bambanci. Abin da ya gani shi ne kuɗinsa suna cikin waya, waya kuma ta mutu.

Manyan kamfanonin duniya

Kada a ɗauka wannan cuta ce ta ƙasashe matalauta kaɗai. Kamfanin Google, wanda yana cikin mafi arziki a duniya, ya yi ƙaurin suna wajen rufe abin da ya buɗe, har masu bin diddigi suka tara sunayen hidimomi da kayayyaki fiye da 250 da ya binne. Ya rufe Google Reader, wanda masana da 'yan jarida ke tattara labarai da shi, a ranar 1 ga Yuli 2013. Ya rufe Google+ a Afrilu na 2019. A Nijeriya ya ƙaddamar da intanet kyauta a wuraren taruwar jama'a da sunan Google Station a Yuli na 2018, aka yi biki a Legas, kafin shekara biyu ta cika ya ce ya fasa shirin a duniya baki ɗaya. BBM, wanda ya taɓa zama abin yayi tsakanin matasan Nijeriya, an rufe shi a ƙarshen Mayu na 2019. Skype, wanda Microsoft ta saya a 2011 a kan dala biliyan 8.5, an kashe shi a watan Mayu na 2025.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Abin da ake kira kyauta a intanet yana da mai biya, watau masu talla, don haka mai amfani da hidimar ba shi ne abokin cinikin kamfani na ainihi ba. Kowace hidima tana cin wuta da manyan kwamfutoci da albashin injiniyoyi, kuma idan mutum miliyan biyar ne ke amfani da ita, kamfanin da ke lissafi da biliyoyi yana ganin su kamar ba kowa. Bugu da ƙari, tsofaffin ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni sun sha faɗin cewa ƙarin girma yana zuwa ne ga wanda ya ƙirƙiro sabon abu, wanda ya zauna yana gyaran tsoho kuwa ba a cika tunawa da shi ba. Ma'aikatan gwamnati ba za su ji wannan baƙon abu ba, domin kowa ya san an fi son bikin aza harsashi bisa ga kuɗin gyaran rufi. Ƙananan kamfanoni kuma suna rayuwa ne da kuɗin masu zuba jari, su yi ta rangwame don tara jama'a, ranar da kuɗin suka ƙare su naɗe tabarma. Haka Jumia da Bolt suka rufe sashensu na kai abinci a Nijeriya a watan Disamba na 2023, bayan faɗuwar darajar naira.

Kamfani yana ganin ya yi tsimi idan ya rufe abin da ba ya kawo riba, amma akwai asarar da ba ta fitowa a littafin akanta. Labarin Stadia ya isa misali. Google ya buɗe wannan hidima ta wasannin kwamfuta a Nuwamba na 2019, kuma tun ranar farko tambayar da mutane ke yi ita ce yaushe za a rufe ta. Da yawa suka ƙi sa kuɗinsu, masu ƙera wasanni suka yi ɗari-ɗari, hidimar ta rasa jama'a, aka rufe ta a Janairu na 2023. Kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, wannan abin yabo ne. Sai dai zargin da ya taimaka wajen kashe ta, kamfanin ne ya shuka shi da hannunsa shekaru goma kafin nan.

Takardar Boɗinga da ajiyar Yahoo

Ƙasar Boɗinga tana da abin da za ta koyar a wannan fage. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, yana koyarwa yana wallafa littattafai. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Tazyinul Waraƙati, a 1813. Babu injin ɗab'i, babu wutar lantarki, tawada ce da alƙalami da takarda. Amma littafin ya rayu har Mervyn Hiskett ya buga shi da fassara a Ibadan a 1963, kuma ana samun kofen rubuce-rubucen malaman jihadi a gidajen malamai da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Asirin shi ne kowane almajiri yakan kwafi nasa da hannunsa ya tafi da shi garinsu. Gara ta ci na wannan, gobara ta ci na wancan, amma babu mutum ɗaya da yake da ikon ya ce daga yau an rufe littafin.

A kwatanta wannan da abin da ya sami zaurukan Yahoo. A farkon shekarun 2000 malaman jami'a da marubuta da masu shirya fim na ƙasar Hausa sun yi muhawarori masu zurfi a waɗannan zauruka, musamman zauren Finafinan Hausa da aka buɗe a 2001. A ƙarshen 2019 kamfanin ya ba da sanarwar zai share duk abin da aka ajiye, a ranar 15 ga Disamba 2020 kuma ya rufe hidimar ɗungurungum. Abin da wani mai hangen nesa ya kwafe ya tsira, abin da aka bar wa kamfani ya tafi. Takarda ta shekara 200 ta riga rubutun shekara 20 tsawon rai.

Ɗalibai su ne suka fi shiga wannan haɗari a yau, domin kundin bincikensu da hotunan takardun shaidarsu suna zaune a asusun da ba su biya ko kwabo ba. Google ya janye ajiyar hotuna marar iyaka a watan Yuni na 2021, kuma daga Disamba na 2023 ƙa'idarsa ta ba shi damar share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Lambar waya ma aro ce: in ta daɗe ba a yi amfani da ita ba kamfani yakan sayar wa wani, saƙon banki da lambar sirrin shiga asusu su riƙa zuwa hannun baƙo.

Abin da ya biyo baya

Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira a ranar 25 ga Oktoba 2021, wata ɗaya kacal bayan katse sabis a Sakkwato. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a cikin kowane mako. Dalilan suna da yawa, amma ba a bukatar dogon bincike kafin a gane cewa wanda ya ga waya ta mutu makonni ba zai yi gaggawar mayar da kuɗinsa cikinta ba.

Sai canjin kuɗi ya zo. An ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoba na 2022, a farkon 2023 kuwa kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Na'urorin manyan bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi su fita daga asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A wannan tsakani wasu sababbin kamfanoni, irin su OPay da Moniepoint, suka sami karɓuwa a kasuwannin karkara, saboda a ranar da aka shiga matsi nasu ya yi aiki. Abin sha'awa shi ne OPay ɗin nan ita ma ta taɓa rufe sashenta na babura da wasu hidimomi a 2020. Wannan ya nuna jama'a ba su ƙi fasaha ba, kuma suna iya yafewa. Amma a lura da yadda suke amfani da ita: kuɗi suna shigowa, nan take a nufi mai POS a cire su, a biya lada. Mai POS ɗan gari ne, an san gidansu. Watau dai an koma wa tsarin maigida na Sabon Ibadan, an sa mutum a tsakani domin ba a yarda da injin shi kaɗai ba.

Nauyin da ke kan hukuma da ma'aikaci

Ba mai hankalin da zai ce a hana kamfani rufe abin da ba ya iya ɗauka, domin kasuwa ma takan tashi. Abin da ake nema shi ne a rufe da mutunci, a ba da wa'adi mai tsawo cikin harshen da mutane ke ji, ta rediyo in ya kama, a ba kowa hanyar kwashe kayansa, a mayar da kuɗin da ba a ci ba. Nijeriya ta riga ta gwada irin wannan ta ga amfaninsa. Tun watan Afrilu na 2013 mai layi yana iya ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta amince da haƙƙin mutum na karɓar bayanansa ya kai su wani wuri. Saura a sanar da jama'a, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba yana nan ne a takarda kawai.

Babban aiki yana kan teburin ma'aikacin da ke rubuta kwangila. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi da makarantu suna ba kamfanoni aikin biyan albashi da tara haraji da rajistar ɗalibai ta intanet, kuma sau da yawa yarjejeniyar takan yi bayanin ranar farawa dalla-dalla, ta yi shiru game da ranar rabuwa. Kamata ya yi tun farko a rubuta cewa bayanan mallakar hukuma ne, a ajiye kofensu a hannun hukuma kowane wata cikin sigar da wata kwamfuta za ta iya karantawa, a kuma fayyace wata nawa kamfani zai ba da sanarwa kafin ya janye. Rajistar manoman da aka yi a 2012 an kashe mata kuɗin jama'a, an kuma ɓata mata lokacin manoma. Da a ce kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, ta Boɗinga da ta Shagari da sauransu, tana riƙe da kofen nata sashe a sashen aikin gona tana sabunta shi duk shekara, da shirin da ya biyo baya bai sake tara dattawa a rana yana tambayarsu sunayensu ba.